Makullin Rumbun Wuta

Shekara ashirin ina gyaran janareto a ƙauyenmu, can gefen Ɗanzomo. In wuta ta ƙi kamawa a masallaci ko a gidan biki, ni ake aikowa a kira. Sai ga wani kamfani ya zo ya shimfiɗa mana farantan sola bayan makaranta, ya gina ɗaki ya cika shi da batura, ya kafa wani dogon farin tanki a gefe. Matar da ta jagoranci aikin ta yi mana bayani cewa rarar wutar da rana ta bayar, da ita ake raba ruwa a fitar da wata iska, haidurojin, a ɗura a tankin. In hadari ya rufe rana kwana da kwanaki, sai a mai da iskar nan ta zama wuta. Nan take mutanen gari suka sa wa tankin suna rumbun wuta.

Da aka zo batun wanda zai riƙe makulli, har na gyara zaman hulata. Sai matar nan ta tambayi dagaci, wai wa ya fi kowa iya riƙon rumbu a garin? Dattawa suka haɗa baki suka nuna taubashina, ɗan gwaggona. Shi ke riƙe da rumbun gandun gidansu, kuma ko gwaggon tawa ba ta isa ta sa ya buɗe shi ba kafin ruwan shuka ya sauka. Mutumin da bai san jar waya da baƙa ba!

Aikin nasa me ye? Ya fito da safe ya ɗaga kai ya dubi gabas. In gari ya yi garau, ya kunna layin manyan injuna, masu niƙa da mai walda su yi aiki har la'asar. In ya ga hadari, ya kashe, ya bar wa famfon ruwa da firjin allurar asibiti. Shi ke nan fa. Amma ka ga masu niƙa suna durƙusa masa da gaisuwa, "Ranka ya daɗe, yau za a kunna?" Ni kuwa ina zaune bakin shagona, hassada na cin raina.

Ina tsokanarsa, "Kai bawana, kallon sama ma aiki ne?"

Ya yi dariya. "Ubangidana, ai ku ne masana."

Cikin marka tafiya ta kama shi zuwa Maigatari, zai kai shanu kasuwa ya kuma duba surukinsa da ke kwance. Ya kawo mini makullin har gida. "In rana ba ta fito ba, kar ka kunna babban layi, ko wa ya roƙe ka."

Rana ba ta fito ba. Masu niƙa suka zo, yau ni ake wa ranka ya daɗe. Na duba ma'aunin tanki, cike taf. Na ce rowar me ake yi da iska? Na kunna. Kwana uku injuna na ruri, ana sa mini albarka, wata tsohuwa har da kawo mini fura. A kwana na huɗu iskar tanki ta ƙare, famfo ya tsaya. Mata suka koma tsohuwar rijiya cikin taɓo, malamin asibiti ya zuba alluran yara a kular ƙanƙara ya ruga da su Gumel a kan babur.

Taubashina ya dawo ya tarar da taro a ƙofar dagaci. Ya dubi ma'aunin, ya dube ni, sannan ya durƙusa gaban dagaci. "Allah ya ja zamaninka, laifina ne. Amana aka ba ni, na tafi na bar ta." Bai ambaci sunana ba. Ni kuma na bar shi ya ɗauki laifin.

Dattawa suka yanke a karɓe makullin a ba wanda ya san waya. Aka miƙo mini, na sa hannu biyu na karɓa.

Yana aljihuna har yau. Amma kullum da safe masu niƙa sai su wuce ƙofar shagona, su je su tambaye shi ko za a kunna, sannan su dawo su faɗa mini abin da ya ce. Ni kuma in tashi in je in yi.