Gahawa ta Uku a Gidan Goggo Fikreta

Goggo Fikreta, yayar babana, ta shekara arba'in a gidanta na garin Travnik ba ta taɓa ce wa baƙo ya tashi ba, kuma har a zaman makoki sai ta yi alfahari da hakan. Ba ta bukatar buɗe baki. Gahawarta ta farko ta maraba ce, ta biyu ta hira. Ta uku tsararo ce kamar ruwan ɗauraye, duk ɗan Bosniya da ya kurɓa zai fara neman takalminsa. Liman ma kurɓa biyu ya yi.

Shekarar da na gama sakandare, wani ɗan yawon buɗe ido daga Holan, Wouter, ya tsaya ɗaukar hoton ƙofarta. Ta ja shi ciki, aka kira ni in yi tafinta.

Da la'asar aka kawo ta uku. Ya shanye, ya lumshe ido, ya miƙa kofi.

"Me yake cewa, Nermina?"

"Wai wannan ta fi daɗi, Goggo. Irin ta garinsu ce."

"Allah ya jiƙan garinsu. Zuba masa."

Ta huɗu kusan ruwa ce zalla. Ya miƙe ƙafa. Maƙwabciyarta Zumreta ta shigo aron gishiri, ta zauna kallo.

"Fikreta, hannunki ne ya tsufa, ko ɗa kika samu?"

"Ke da baƙinki ke gudu tun a ta farko."

Tausayin Goggo ya kama ni, na raɗa masa ma'anar abin da Turancina na makaranta. Laifina ne, kuma tun da ni ke rubuta tarihin gidanmu, dole in sa shi.

Ya miƙe, ya dafa ƙirji, ya ba da haƙuri da ƙarfi: bai san korarsa take yi ba. Zumreta ta yi aikatau a Jamus, ta tsinci Turanci a can, ba ta jira fassarata ba.

"Ashe kora ce, Fikreta?"

Goggo ta ƙwace jakarsa. "Wa ya kore shi? Nermina, shimfiɗa masa a ɗakin marigayi mijina."

Kwana biyar ya yi. Duk safiya sai ya ɗauki jaka, ta tare ƙofa da tiren burek, gasasshen fulawa mai nama a ciki. Jirginsa ya tashi ba shi. Ya tafi maɓallin wandonsa ba ya shiga, tana ɗaga masa hannu daga tsakiyar titi don unguwa ta shaida.

Ni kuwa ta cire ni daga tafinta. Yanzu in baƙo ya zo, kasuwa take aika ni.