Akwatin 'Yar Fari a Al Sabkha

Da asubar fari muka bar gida, ni da abokan fataucina mata biyu, sallah ma a filin jirgin Kano muka yi ta. Su abaya da turare suka kai su Dubai. Ni ma na je sarin, amma abin da ya hana ni runtsawa a jirgi yana cikin jakar hannuna, naɗe a ɗankwali: wani ɗan akwati da bai fi tafin hannu ba, irin wanda ake jona wa talabijin.

Na 'yata ta fari ne, wadda Allah ya karɓi abarsa bara. Ita ta koya mini karatu bayan na yi jikoki, ita kuma ta ɗauki darussa da muryarta ta zuba a akwatin, don matan unguwa da ke taruwa a tsakar gidana. Yanzu tsarin cikinsa ya tsufa, ba ya buɗe sababbin darussa. Duk mai gyaran da na kai wa a Kano maganarsa ɗaya: sai an yi filashin, komai ya goge. Na ce hannun da zai goge muryar nan ba a haife shi ba.

Mun sauka cikin wani zafi mai ɗanshi, kamar an kifa wa mutum tukunyar ɗumame. A Al Rigga muka kama masauki, inda jirgin ƙasa ke wucewa ta ƙarƙashin ƙafarka ba ko ƙara. Titi fes, mota na tsaya wa mai tafiya a ƙasa, abin da ya sa ɗaya abokiyar tawa ta tsaya tana yi wa direba godiya har ya gaji. Kaya sun yi tsada fiye da zuwanmu na baya, shayin madara ne kawai bai ci amanar talaka ba. Shinkafarsu ƙamshi ya yi mata yawa, sai da muka samo wata Bakanuwa mai tuwo a wani bene cikinmu ya kwanta.

Da muka gama sari aka ɗaure kaya za a kai tashar jirgin ruwa ta Jebel Ali, abokan tafiyata suka ce in jefa akwatin a kago in huta da rungumarsa. Na ƙara rungume jakata. Na nufi Al Sabkha, lungun masu waya, inda aka kwatanta mini shagon wani dattijo ɗan zangon Gana.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Hajiya, ba sai an rushe gida ba. Katanga za mu ja a tsakiya. Tsohon tsari ya zauna a ɗakinsa, sabo a nasa, a yi ɗan zaure a gaba, in kin kunna ki zaɓi inda za ki shiga. Amma gaskiya ɗaya ce, wajen matsa tsohon ɗakin hannu na iya gocewa."

Na ce, "Malam, in ya goce, ni da kai sai gaban Allah."

Bai ji haushi ba. Ya kwafe komai zuwa wani memorin daban, ya kunna mini kwafin don in gaskata. Muryarta ta fito a tsakiyar hayaniyar Larabawa da Indiyawa, tana cewa, "Iyayena mata, a kama fensir da kyau." Na juya fuskata wajen bango.

Daga nan ya fara rabon. Wani layi ya riƙa rarrafe a fuskar kwamfutarsa, ya yi nisa, ya tsaya cak. Aka kira la'asar, ya ce mu je mu yi sallah, kallo ba ya ƙara masa sauri. Ban san me na karanta a sallar nan ba. Da muka dawo layin ya kai ƙarshe. Ya kunna tsohon ɗaki, komai na nan yadda ta jera shi. Ya zuba sabon tsari a ɗaya gefen, shi ma ya tashi.

"Khalas, an gama," in ji shi. "Saura suna, don a gane ƙofofin a zaure. Sabon na sa masa Makaranta. Na marigayiyar fa, yaya sunanta?"

Na kawar da kai gefe. Mu a gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Tun ranar da aka raɗa mata shi bai taɓa fita daga bakina ba. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Har aka ɗauke ta daga tsakar gida ban kira ta ba. Dattijon ya gane, ya sunkuyar da kai, ya ce ko a rubuta Tsoho kawai.

Na ce a'a, 'yata ba tsoho ba ce. Na jawo madannan kwamfutar gabana. Da yatsa ɗaya, ina neman kowane harafi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, na rubuta sunan da kaina. Ita ta koya mini waɗannan haruffa. Bai gaggauta ni ba, bai kuma karanta a fili ba.

Mun dawo Kano lafiya, kago yana tafe a baya. Tafiyar nan ta nuna mini ba dole sai an kori tsoho sabo ke samun wurin zama ba, kuma kunyar da na riƙe shekara da shekaru ba ta rage ko ƙwayar so ba, ɓoye shi kawai ta yi. Ranar da mata suka taru na kunna talabijin, ƙofofi biyu suka bayyana. Wata tsohuwa da ta fara haɗa baƙi bana ta matso, ta karanta sunan ƙofar sama, sunan 'yata, a hankali, da ƙarfi, a tsakar gidana. Ban hana ta ba. Na danna, aka ce mu kama fensir da kyau.