Malam Idi da Kyanwar da Ta Bar Allura

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan, ina shan koko, aka bugo min daga Safana cewa Malam Idi, likitan dabbobi, ya rasu.

Na ajiye kofin. Kyanwarmu Gimbiya na kwance a kan takalmina, ba ta san abin da ya same ta ba.

Shekarun baya na taɓa jin wata magana a kasuwar Batsari, wai kyanwa ma tana kamuwa da ciwon suga, a yi mata allura, wai har takan warke ta bar allurar. Na yi dariya har hulata ta karkace. Na ce mutum ma bai warke ba, sai kyanwa?

Ashe a ɗakina za a gwada.

Kun san yadda muka baro ƙauyenmu na wajen Wagini. An kore shanu, an kore tumaki. Abu mai rai da muka fito da shi Gimbiya ce kaɗai, cikin kwando a cinyar maiɗakina Rabi, a bayan mashin. A ƙauye aikinta tsaron rumbu. A ɗakin da muka samu a Batsari babu rumbu, sai Rabi ta mayar da ita 'ya. Tuwo, fura, har kunu mai sukari. Ta yi ƙiba kamar buhun gero. Daga baya ta kama shan ruwa ba ƙoshi, fitsari ko'ina, ta soma zubewa.

Ranar kasuwa Malam Idi ya biyo gaishe mu. Ya ɗan tsaga kunnenta, ya ɗiga jinin a na'urar gwaji, ya ce, "Malam Sale, kyanwarka suga gare ta."

Na ce, "Likita, ka ji tsoron Allah. A wannan marra da mutane ke neman abin kai wa baki?"

Ya ce, "Ai abin kai wa bakin ne ya yi mata yawa. Hajiya, aikinki ne wannan ko?"

Rabi ta ja mayafi ta rufe baki.

Shi ya samo mana insulin, maganin allurar suga, daga Katsina. Ba mu da firji, wutar ma sai an ga dama, sai ya sa muka ƙulle kwalbar a leda muka tura ta cikin jiƙaƙƙen yashin gindin randa. Allura safe da yamma, ni ke riƙewa, Rabi ke tsirawa. Ya hana tuwo, ya hana fura. Da kansa ya je wurin mahaucin unguwarmu ya roƙa a riƙa ajiye mata guntattakin nama.

Sai hanya ta ƙara lalacewa saboda ɓarayin daji. Ya ce min, "Wannan kwalbar, ka ɗauka ita ce ta ƙarshe." Na gane maganar. In ta ƙare Gimbiya ba ta warke ba, shi ke nan. Rabi kuwa ba ta yi kuka ba ranar da aka kore shanu, amma na san wannan ba za ta iya haɗiye shi ba.

Wata safiya, bayan allura, kyanwa ta tashi tana tangaɗi, ta faɗi tana rawar jiki. Ni da wayona na ce ciwon ne ya taso, na ɗauko sirinji zan ƙara mata. Rabi ta riƙe min hannu ta ce, "Malam, kira Likita tukuna."

Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar. "Ajiye allurar nan! Kashe ta za ka yi! Shafa mata zuma a dasashi, ga ni nan."

Kuma ya zo. A mashin, daga Safana, ta hanyar da mutane ke gudu, saboda kyanwa. Ya gwada ta, ya yi murmushi, ya ce, "Ba mutuwa take ba, warkewa take. Jikinta ya fara aikinsa, allurarka ce ta yi mata yawa."

Na ce to mu daina yau. Ya ce, "Ka ji ka. Ɗazu ƙari, yanzu dainawa. A hankali ake janyewa."

Haka muka bi, ya bar mana na'urar gwajin. A rage kaɗan, a gwada kunne, a jira kwanaki, in buga masa in karanta abin da na'ura ta nuna. Wata rana ya ce rage, wata rana ya ce tsaya a nan. Har ranar da ya ce kar a yi mata komai. Mako biyu muna gwaji babu allura, suga bai tashi ba. Da na tono kwalbar, saura ɗan kaɗan a gindi. Ranar ce Rabi ta yi kukan.

Watan jiya ya zo, ya rame, amma bakin yana nan. Ya ɗora Gimbiya a cinya, ta yakushe shi. Ya ce, "Ka ga godiyar marasa lafiya." Ya ja wa Rabi kunne kan tuwo, ya ce in Gimbiya ta sake yawan shan ruwa a gwada ta. Na tuna masa maganar kasuwa da dariyar da na yi. Ya ce, "To gaskiya ce, Malam Sale, kyanwa tana barin allura. In an tambaye ka, ka faɗa."

Allah Ya jiƙan Malam Idi, Ya yafe masa, Ya tausaya masa fiye da yadda ya tausaya wa bayin da ba sa iya faɗin inda ke musu ciwo. Allah Ya ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.

Maganar kasuwa kuwa, ban san wanda ya fara faɗa min ba. Na ƙarshe dai Malam Idi ne.