Baballe Mai Tocila da Motar Ƙanensa

Duk wanda ya daɗe yana shiga kasuwar Lafia ya san Baballe Mai Tocila, ko da bai taɓa sayen komai a hannunsa ba. Dogo ne siriri, furfurarsa a gemu kawai ta tsaya, kuma ba ya zama sai da 'yar rediyo a gefen cinyarsa. Mahaifinsa, Malam Abdulhakeem, daga Kano ya zo garin da sana'ar ƙera fitilar aci-balbal da gwangwanin madara. A gindinsa Baballe ya tashi, yana yanke gwangwani yana murza lagwani, har yatsunsa suka yi kanta. Da tsohon ya rasu, sai ya ajiye almakashi ya koma sayar da tocila da batir da ƙwan tocila. Yana da wata 'yar waya da ƙwai ɗaya a ɗaure a jikinta, da ita yake gwada kowane batir a gaban mai saye kafin ya miƙa masa. Shekara talatin da wani abu ba a taɓa dawo masa da batir an ce matacce ne ba, kuma yana son a san haka.

Lokacin da tocila mai caji ta cika gari, irin wadda ake maƙalawa a bango idan an kawo wuta, 'yan gari suka rage sayen batir. Baballe bai damu ba. Dama masu riƙe da shagonsa ba 'yan gari ba ne. Manoman Kwandere ne, da matan da ke kawo gishiri daga Keana, da Fulanin rugagen da ke kan hanya, mutanen da ba su da bangon da za su maƙala komai. A cikinsu babu kamar Hamman, wani dattijon Bafulatani mai ruga a hanyar Keana. Duk bayan mako biyu sai ya zo, ya jingine sandarsa, ya cire malafa, ya zauna a bencin Baballe. Yakan zo da kwalbar man shanu daga matarsa Usaina. Su yi hirar ruwan sama da ciwon shanu har a kira azahar. Fiye da shekara ashirin suna haka.

Baballe yana da ƙane, Yahya, autan gidansu, wanda Baballe ya girme shi da shekara goma sha biyar. Shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya yi masa aure. Ya so Yahya ya gaji shagon, amma Yahya ba mai iya zama wuri ɗaya ba ne. Ya bar benci ya tafi tasha, ya yi kwandasta, ya koyi tuƙi, a ƙarshe ya samu wata tsohuwar mota mai ɗaukar mutum bakwai yana jigila tsakanin Lafia da Keana. A ran Baballe, ƙanensa ya bar sana'a ne ya kama yawo, kuma bai taɓa ɓoye masa hakan ba.

Wata ranar Laraba da hantsi Yahya ya shigo shagon da ƙaramin kwali a hammata. Ya durƙusa ya gaida yayansa, sannan ya buɗe. Tociloli ne gajeru, ba su wuce tsawon tafin hannu ba, gindinsu zagayayye da ɗan ƙarfe a tsakiya.

"Yaya, wani fasinja mai kawo kaya daga Anacha ne ya nuna mini. Ba ta cin batir, ba ta jiran NEPA. A ramin nan na mota da ake kunna sigari ake cusa ta, kana tafiya tana shan wuta. Na ce bari in kawo maka ka sa a shago."

Baballe ya ɗauki ɗaya, ya juya ta, ya kunna. Hasken ya fi na duk abin da ke rataye a shagonsa, ya kuma lura da hakan. Ya kashe ya mayar cikin kwali.

"To wa ke da mota a cikin masu saye a wajena? Hamman a jikin saniya zai cusa ta?"

"Ai ni ina da mota, Yaya."

Baballe ya yi dariya har ya rage muryar rediyo don ya ji daɗin yin ta. Yahya ya rufe kwalinsa, ya yi sallama ya fita.

Abin da Baballe ya yi wa dariya shi ne ya faru. Yahya ya sayo soket mai baki huɗu ya haɗa a motarsa. Da safe idan zai tafi Keana, sai ya tarar da mutane tsaye a bakin titi, kowa da tocilarsa, an ɗaura mata zare ja ko kore don kada ta ɓace a cikin na wasu. Ya karɓa ya wuce. Da la'asar a hanyar dawowa ya miƙa wa kowa tasa ta taga, ta cika da wuta. Ba ya karɓar komai a kan cajin. Su ne dai ke cika masa bayan mota da doya da ƙwan zabi da kindirmo, kuma ko za su kai awa biyu a rana, ba sa shiga motar kowa sai tasa. A tasha aka daina kiran motar da lambarta, aka koma ce mata NEPA.

Hamman ya yi mako shida bai leƙo shago ba. Ranar da ya zo, bai cire malafa ba. Ya zaro 'yar tocilar daga aljihun taguwarsa ya haska tafin hannunsa da rana tsaka.

"Malam Baballe, Allah ya yi wa ƙanenka albarka. Shekaranjiya da ita muka karɓi haihuwar karsana, har aka gama ba ta yi rauni ba. Usaina ta ce in gaishe ka, ta ce kun iya haihuwa a gidanku."

Baballe ya ce yana amsawa. Idonsa yana kan jakar Hamman, yana jiran kwalbar man shanu. Ba ta fito ba. Ya san inda ta tafi.

"Ka dai yi hankali da ita," in ji shi, yana gyara jerin batir ɗin da ba ya bukatar gyara. "Na ji an ce irinta ta fashe a hannun wani a Makurdi. Wutar mota ba abin wasa ba ce."

Bai ji wannan labari a ko'ina ba. A nan take ya fito daga bakinsa, ya kuma ji kunyar kansa tun kafin ya rufe baki. Hamman ya dube shi na ɗan lokaci, irin kallon da yake yi wa saniyar da ta fara ɗingishi, sannan ya ce Allah ya kiyaye, ya mayar da tocilar aljihu. Bai jira azahar ba.

Da magariba Baballe ya koma gidansa a unguwar Akurba, an ɗauke wuta. Ya tarar da matarsa Indo a madafi tana tuƙa tuwo, wani farin haske yana haska tukunyar daga kan katanga. Bai bukaci ya matsa kusa ba.

"Daga ina wannan?"

"Juwairiya ce ta kawo mini," in ji Indo. Juwairiya matar Yahya ce. "Ta ce idan ta mutu in aika, mijinta ya sa mata wuta."

"Gidan mai tocila, sai an aiko masa da haske daga waje?"

"Malam, taka idan na kunna, ba na bambance gishiri da kanwa."

Bai ci tuwon da yawa ba. Ba cinikin da ya ragu ne ya fi cin ransa ba, don har yanzu masu rediyo suna sayen batir. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne, shi aka fara kawo wa abin nan, har cikin shagonsa, ya sa hannu ya ture. Yanzu yaron da ya koya wa yadda ake murɗa ƙwan tocila shi ake sa wa albarka daga Lafia har Keana. Idan yana sallah sai ya tsinci kansa yana tunanin soket mai baki huɗu.

Bayan kwana goma ya tafi garejin Raymond, wani bakanike da ke bayan tasha. A ƙarƙashin bishiyar mangwaro akwai wata tsohuwar fijo da ta shekara biyar ba ta motsa ba, kaji na ƙwai a kujerar baya.

"Oga Baballe, motan nan ya mutu fa," in ji Raymond. "Inji babu. Taya ma biyu ne."

"Ramin sigarinta yana aiki?"

Raymond ya sosa ƙeya. "In an sa batir, zai yi."

Aka jawo fijo da igiya har bakin shago, aka ɗora ta a kan bulo. Raymond ya sa mata batir, ya haɗa soket mai baki shida, don Baballe ya ce lallai sai ya fi huɗu. Ya aika Anacha aka kawo masa kwali biyu na tocilar. Ya sa aka rubuta a jikin ƙofar motar da jan fenti: Baballe Mai Tocila, Asalin Masu Haske. Ranar farko kasuwa ta taru tana kallo. Matan Kwandere suka kawo tocilolinsu, Baballe yana zaune a kujerar direba, ƙafa ɗaya a waje, yana karɓa yana cusawa. Ya daɗe bai ji daɗi irin na wannan makon ba.

Kafin mako na biyu ya ƙare batir ya mutu. Raymond ya zo ya duba ya ɗaga kafaɗa.

"Na faɗa maka, Oga. Mota sai yana tafiya yake cika batir. Wannan yana bayarwa ne kawai, ba ya samu. Sai dai kullum ka kai caji, kuma ka san halin NEPA."

Baballe ya kai batir ɗin wajen masu caji, ya kwana uku a can ba a kawo wuta ba. Matan Kwandere suka zo suka koma da tocilolinsu a mace. Wata a cikinsu, Mnena, mai sayar da doya, ta ce da shi cikin tausayi, "Baba, ka bari kawai, zan ba NEPA gobe." Motar Yahya take nufi.

Washegari da sassafe, yana buɗe shago, sai ga motar Yahya ta tsaya a bayan fijo. Yahya ya fito ya gaishe shi kamar kullum. Bai ce komai a kan fentin ba, bai kuma ce komai a kan maganar Makurdi ba, ko da yake Baballe ya tabbata ta kai kunnensa. Ya buɗe gaban motarsa, ya kwance batir ɗinsa mai cike da wuta ya ɗaura wa fijo. Ya karɓo na Baballe ya sa a tasa, fasinjoji suka tura ta ta tashi.

"Kafin in je Keana in dawo ya cika, Yaya. Duk bayan kwana uku sai mu riƙa musanyawa."

Baballe ya so ya ce ba ya so. Ya buɗe baki, sai ya hango mata biyu suna tahowa da tociloli a hannu. Ya ce, "To."

Haka aka ci gaba. Fijo ta samu wuta, shago ya farfaɗo, Baballe ya sayar da kwalayensa ya aika aka ƙaro. Sai dai mutane ba su karanta jan fentin ba. Idan wani ya tambayi inda zai sa caji a cikin kasuwa, sai a ce masa ya je reshen Yahya. Duk wanda ya faɗi haka a gabansa, Baballe sai ya tsayar da shi ya ba shi tarihi tun daga gwangwanin madara. Su saurara, su ce haka ne Baba, gobe su sake cewa reshen Yahya.

A daminar bara zazzaɓin taifot ya kwantar da Yahya mako uku. Baballe ne ya kai shi asibiti, shi ya dawo da shi gidansa na Akurba don Indo ta taya Juwairiya jinya. Tun daga kwana na biyu masu dubiya suka fara zuwa. Fulani da ƙoren nono, matan Keana da ƙullin gishiri, manoma da kaji a rataye a babur. Wasu ko Hausar kirki ba sa ji, sai dai su zauna a tabarma su yi shiru su tashi. Hamman ya zo da Usaina da jikansa sabon haihuwa, ya ce sunan Yahya aka sa masa. Baballe, a matsayinsa na babba, shi ke zaune a zaure yana amsa gaisuwa yana godiya. Ya yi wa jaririn addu'a da zuciya ɗaya.

Da baƙi suka watse, ya shiga ciki ya tarar da Indo tana juye nono a roba, ta rasa inda za ta sa saura.

"Indo," ya ce, "da ni ne a kwance, kina ganin mutanen nan za su zo?"

Ta ɗago ta dube shi. Shekara talatin da biyu suna tare, ba ta saba yi masa ƙarya ba.

"Wasu za su zo," ta ce. "Yahya dai zai zo, kuma shi zai kwaso su a mota."

Baballe ya karɓi robar ya kai wa maƙwabta.

Yahya ya warke ya koma hanya. Baballe yana nan a kasuwa, ya kusa shekara sittin da biyar, gwiwa ta fara damunsa, don haka ya fi zama a cikin fijo fiye da benci. Bai daina jin zafi ba idan an yabi ƙanensa, ya dai koyi yin shiru har zafin ya wuce. Kwanan nan an ga yana yawan tsayawa a shagon masu sayar da farantin sola, yana tambayar nawa ne ƙarami, da ko zai iya cika batir ɗin mota. Ya roƙi mai shagon kada ya gaya wa kowa a tasha tukuna.