Ranar da tururuwa suka daina zuwa

Salamu alaikum ƴan uwa. Shekara sittin da ɗoriya ina danne maganar nan. Na haura tamanin, idanuna sun fara gajiya da hasken waya, bari in fitar da ita tun ina iyawa.

Ni Hadiza, tsohuwar malamar lakol ce, wato makarantar boko, a Tawa. Ciwon suga ya kama ni ina amarya, a farkon samun ƴancin kai. Lokacin babu na'urar tsaga yatsa. Majo, babban ma'aikacin jinya na asibitin gari, shi ke dafa fitsarina da wani shuɗin ruwa a ɗan bututun gilashi. In ya koma ja, suga ya hau. A gida kuwa tururuwa ke yi mana awo. Inda na tsuguna, kafin in gyara zane sun yi layi.

Kullum allura. A tafasa sirinji, a soka a cinya.

Na haifi Salamatu, ƙatuwar jaririya, na zubar da jini har mata suka fara salati a kaina. Allah ya sa da sauran kwana. Amma nono ko ɗigo, maƙwabciya ce ta shayar mini da ita.

Daga nan allurar da ke raya ni ta koma tana kayar da ni. Ana soka ta sai zufa, sai rawar jiki, in zube a bakin murhu. Mijina na aiki a Takanamat, don haka wana, Yaya Isufu, ya maido ni gidansa. Sassaƙe yake sayarwa a kasuwa. Shi ya raine ni bayan rasuwar babanmu, ban taɓa musa masa magana ba.

Ya ce, "Bar allurar annasara, Hadiza. Sha wanga."

Na bari, na sha. Wallahi faɗuwar ta ragu. Ba a jima ba tururuwa suka daina zuwa. Majo ya dafa fitsari, ruwa ya tsaya a shuɗinsa. Gida ya kaure da guɗa, wai Hadiza ta warke!

Majo kaɗai ne bai yi murna ba. Ya ƙura wa girata da ta zube ido, ya tambaya ko al'ada ta dawo. Na sunkuyar da kai na ce a'a. Ya rubuta takarda. A zamaninmu ba a miƙa wa mace takardarta in namijinta na tsaye, sai ya ja Yaya waje ya ba shi.

A hanya Yaya ya ce mini shaidar warkewa ce. Ni da ke koya wa ƴaƴan mutane karatu, ban ce ya ba ni in gani ba. Kunya, wai!

Kowace ranar kasuwa sai ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, ya shigo da masu ciwon suga. "Faɗa musu da bakinki." In ce na warke. Alhali tsakiyar bazara ina lulluɓe da bargo, ko Salamatu ba na iya ɗagawa.

Wata dattijuwa daga Barmu ta kama hannuna ta ce, "Ɗiyata, tsakaninki da Allah, in bar zuwa wurin majo?" Na ce ta bari. Har zuciyata na yarda da abin da na faɗa.

Wata biyar ana haka, zazzaɓi ya kwantar da ni, na yi kwana biyu ban san inda nake ba. Aka aika wa mijina, ya kinkime ni sai asibiti. Cikin magagi na ji majo na daka tsawa: "Tun yaushe na ba wanta takarda, na ce a kai ta Yamai cikin sati!"

A nan na sani.

A Yamai aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton kai. Lokotoro, wato likita, ya ce akwai wani ɗan abu kamar ƙwayar wake ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, suna ce masa ipofiz. Shi ke ba da umarnin nono da al'ada, yana kuma sa jiki ya riƙe suga a jini. Jinin da na zubar wurin haihuwa ya kashe nawa. Ya ce, "Madam, ba warkewa kika yi ba. Jikinki ne ya kasa riƙe suga. In kin fara shan ƙwayoyin da zan ba ki ciwon zai dawo, kar ki firgita."

Ya dawo kuwa, tare da ƙarfina. Ranar da ruwan gwaji ya koma ja, dariya na yi har mai jinya ta ɗauka na zare.

Yaya ya biyo ni Yamai da kilishi. Na zaci gafara ya zo nema. Ya matso kusa ya ce, "Hadiza, in kin koma Tawa ki ce iska ce ta buge ki. Kar ki tona ni."

Na ce, "Yaya, majo da Hausa ya yi maka bayani, ko?"

Ashe ya sani sarai. Mutumin da ya goya ni a bayansa! Yana kallona ina ƙarewa, yana ƙara shimfiɗa tabarma. Ya rasu tuntuni, ina yi masa addu'a, amma har yau in na tuna ƙirjina zafi yake.

Na rufa masa asiri kamar yadda ya roƙa. Na ci gaba da ƙwayoyina da allura, na koma aji, na aurar da Salamatu. Ban sake haihuwa ba.

Alhamdu lillahi. Allah ya jiƙan majo da mijina, ya saka wa maƙwabciyar da ta shayar mini.

Ku masu suga, in awo ya faɗi haka kawai, ko maganin da kuka saba ya fara sumar da ku, ku je likita kafin ku yi guɗa. Wadda ta zubar da jini wurin haihuwa, nono bai zo ba, al'ada ta ɗauke, ta je a duba ta. Takardarki kuwa ki karɓa da hannunki, ko wane ne ke tsaye.

Dattijuwar Barmu ta rasu kafin in dawo daga Yamai. Ko sunanta ban tambaya ba. In akwai jininta cikin masu karanta wannan, ni ce na ce mata ta bari. Ku yafe mini.