Sallar da Kakan Wani Ya Cinye Min

Ni gwanin shara ƙarya ne, shi ya sa ba na yarda da labarin kowa. A filin jirgin sama na JFK muke aikin ɗaukar kaya da wani mutumin Madagaska. Wai tsibirinsu ya fi Faransa girma, kakanninsa a kwalekwale suka zo daga Asiya, kuma suna da hawainiyar da za ta kwanta a kan farcena ta miƙe ƙafa.

Ana saura sati Babbar Sallah ya ce, "Ɗan'uwa, ka riƙe min shift ɗina, ka yi aikin ranar Sallah a madadina, zan je gida mu sake wa kakana likkafani."

Na ce, "Allah sarki. Yaushe ya rasu?"

"Tun ina yaro."

Na dube shi sama da ƙasa. Ni da na kashe kakata sau uku don neman hutu, ni za a yi wa wannan? Ga shi ranar Sallah kaɗai nake wuni da iyalina a unguwarmu ta Soundview. Na ce na yarda, amma ya dawo da shaida.

Na yi Sallah cikin akwatunan mutane, ina cizon yatsa. Da ya dawo sai ya miƙo min waya, ya kunna bidiyo. Ga dangi sun fito da kakan daga kabari, sun naɗe shi da sabon ƙyalle, sun ɗauke shi a kafaɗa ana busa ana rawa, ga mutumina a tsakiya yana hawaye yana dariya.

Na kalla sau biyu, na ce na yafe Sallar. Hawainiyar ce dai har yau ban yarda da ita ba.