Wasan Indiyawan Daji da Ya Raba Ni da Ajinmu

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta labaran 'yan'uwa a wannan fili, yau dai na ga ya kamata in kawo nawa.

A lokacin ina aji huɗu a wata sakandaren 'yan mata a Azare, ina zaune wurin gwaggona. Iyayena suna Katagum, inda mahaifina yake noma, yana kuma kamun kifi a kogi. Ni yarinya ce da ba a jin muryarta. Kujerata tana can baya jikin taga, kuma daga nan nake ganin komai: wadda aka ɗinke wa takalmi da zare mai wata kala, wadda take tauna murfin biro in ba ta san amsa ba, da wata Babarbariya mai zane a fuska, 'yar mutanen Yobe, wadda kullum take shigowa a ƙarshe ta fita a ƙarshe. Ban taɓa yi mata magana ba, ita ma haka.

A shekarar aka turo mana wani ɗan bautar ƙasa yana koyar da tarihi. Wata rana ya zo da tsohon littafi mai hotuna, ya tambaye mu me muka sani game da mutanen da Turawa suka tarar a Amurka. Aji ya ɗauka da cewa Indiyawan daji ne, don duk mun gan su a kaset ɗin kaboyi da yayyenmu suke sakawa in an kawo wuta: masu gashin tsuntsu a ka, suna ihu suna buga baki da tafin hannu, ɗan wasa yana harbo su daga kan doki ana tafi. Malam ya ce waɗanda zai ba mu labarinsu suna da gonaki da makarantu, har da jarida da harshensu. Wani shugaban ƙasar, tsohon soja da ya yi suna a yaƙi da su, ya sa hannu a dokar kwashe su daga gabas zuwa hayin wani babban kogi. Wasunsu sun kai ƙara babbar kotu sun yi nasara, amma ba a bi hukuncin ba. Aka tasa su gaba cikin sanyi, dubbai suka mutu a hanya. Akwai hoton wata tsohuwa lulluɓe da bargo, na lura ƙafarta ɗaya babu takalmi.

Da bikin ƙarshen zango ya matso, Malam ya ce wasan kwaikwayon ajinmu a kan wannan labari zai kasance. Dogayen aji suka zama sojoji, wadda ta fi mu baki ta zama shugaban ƙasa da hular kwali. Ni ya ba ni tsohuwar da ta ƙi tashi daga kabarin mahaifiyarta, ya ce ai ba sai na yi magana da yawa ba. Babarbariyar nan aka sa ta cikin jerin masu tafiya.

Na je Katagum a ƙarshen mako na ba kakata labarin, tana gyaran kifi. Ta ajiye wuƙa ta ce ai wannan ba sai an je Amurka ba. Tana amarya ruwa ya ci unguwarsu ta bakin kogi har da maƙabarta, kuma har yau ba ta san inda za ta nuna ta ce ga uwarta ba. Ta ce mai barin gida dole ba ya ɗaukar abin da ya kamata, ita ta bar zannuwanta ta fito da ɗan dutsen niƙa a hannu, ba ta san ma ta ɗauko ba. Ta shiga ɗaki ta fito da shi, ya yi sumul, gefe ɗaya ya loɓa daidai yatsu. Ta ce in riƙe shi a wasan, kuma kada in waiga sai na kai bakin fili.

Ranar bikin an cika, iyaye da baƙi da samarin makarantar maza. An shafa mana jar ƙasa a kumatu, an soka mana gashin zabo a ɗankwali. Muna fitowa samarin suka fara buga baki suna ihun nan na kaset. Da sojoji suka shigo da bindigogin kara sai wuri ya kaure da tafi, wani yana cewa ga 'yan wasa sun iso, a gama da bosawa. Na durƙusa gaban tulin yashin da aka yi kabari da shi, dutsen Kaka a hannuna, aka ja ni na miƙe, na yi tafiyar yadda ta koya mini. Da na waiga a bakin fili sai kuka na gaske ya ƙwace mini, jar ƙasar ta gangaro har wuyan rigata. Dariyar da aka yi a lokacin ta fi ta ko'ina a wasan. Na hango Malam yana ɗaga hannu a yi shiru, ba wanda ya kula shi.

A makarantarmu duk abin da ka fito a wasa shi ne sunanka. Shugabar ƙasa ta ji daɗin nata. Ni da aka dawo hutu na zama Indiyar daji, Malam kuwa ya gama bautar ƙasa ya tafi. In na shigo aji sai a fara buga baki a hankali. Ina buɗe teburina in tarar da gashin zabo. Wata ta ce dama an zaɓi daidai, 'yar masunta da 'yar daji duk jirgi ɗaya ne ya kwaso su, wata ta tambaye ni ko a garinmu ma da ihu ake sallama. Na koma cin ƙosaina ni kaɗai a bayan ɗakin gwaje-gwaje, ina kallon tururuwa suna jan ɓarɓashi. Ta ɗaya gefen katangar da nake jingina nakan ji motsin leda da tari, na san akwai mai zama a wurin, ban taɓa leƙawa ba. Gwaggo ta sha tambayata me ya sa na rame, ina cewa ba komai. Kunya nake ji in ce suna ne yake cina.

Daga baya na fara cewa kaina yana ciwo. Ciwon ƙarya ya zama na gaske, aka mai da ni Katagum, har jarrabawar ƙarin aji ta wuce ina kwance a ɗakin Kaka. Ita ce ta gane. Wata safiya tana dama kunu ta ce in faɗa mata gaskiya, wannan ciwo ba na asibiti ba ne. Na faɗa mata duka. Sai ta kira ni kishiya kamar yadda take tsokanata, ta ce mutanen littafin nan soja ne ya tashe su da bindiga, su Kaka kuma ruwa ne, ni fa wa ya tashe ni? Ta ce tsohuwar da na fito a madadinta sai da aka ja ta, ni kuwa da ƙafata na bar kujerata.

Na koma, amma aji huɗu na maimaita, cikin ƙannena. Sunan ya bi ni na ɗan lokaci ya gaji ya mutu. A makon farko na zagaya ɗaya gefen katangar nan. Akwai bulo da aka jingina don zama, ƙarƙashinsa an cusa gashin zabo da yawa, irin wanda nake tararwa a teburina. Na tambayi wata tsohuwar 'yar ajinmu ina Babarbariyar nan, ta ce ai bayan tafiyata kanta aka koma gaba ɗaya, har iyayenta suka cire ta suka mai da ita Yobe. Ashe ita ma ana saka mata gashin, kuma duk zangon nan katanga ɗaya muke jingina da ita.

Kaka ta rasu kafin in gama makaranta, dutsen yana wurina. Abin da na koya shi ne shiru bai kare ni daga komai ba, ya cinye mini shekara, ya kuma hana ni zagaya katanga in yi wa 'yar'uwata sallama. Ina roƙon malamai su duba abin da ke biyo bayan wasa in an watse. Iyaye kuma, kafin yaranku su tafa wa mai harbi a fim, ku gaya musu waɗanda ake harbin gidansu aka tarar da su. Ke kuma da kike cin abincinki a ɓoye, ki faɗa wa wani tun kujerarki tana nan. Idan wadda nake nufi ta ga wannan, ina gaishe ta, gaisuwar da ban yi ba a lokacin.